Teku Ba Ya Sa Rana

Kai mai karatu, tsaya in ɗaure ka da kacici-kacici kafin ka buɗe takardun nan. Wani abu ne na yi doguwar tafiya har sau biyu don in gan shi. A ta biyun ya miƙe tsaye a gabana, gari a waye tangararan, na kuwa gan shi. Amma ko limamin unguwarmu ne ya tsare ni, ba zan rantse na gan shi ba. Mene ne?

Small Heath, Birmingham
Farkon Oktoba

Zuwa ga maigidana na Manchester, Bara'u jikan Malam Sha'aban,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, ya karatu, ya sanyin Cheetham Hill? Ni dai da sauƙi. Gwiwata ta hagu ce ta ƙi jinin ƙasar nan. Likitansu da suke kira GP ya ba ni wani man shafawa mai warin na'ana'a, ya ce in riƙa tattaki, sai ka ce ba ni na yi ta tattaki tun kafin a haifi uwarsa ba. Ɗana, kawunka Abdulhafiz, yana nan yana jan bas, matarsa Aishatu tana gaishe ka.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. In na yi maka saƙon murya, kafin in rufe baki ƙananan gidan nan sun fara kwaikwayona. Bokona a yaƙi da jahilci ya tsaya, don haka in ka ga harafi ya karkace ka miƙe shi da kanka.

To, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ranar da ka zo cin naman Sallah, bakinka duk maiƙo, ka yi mini alkawari a gaban jama'a cewa za ka ɗauke ni a motarka ka kai ni bakin teku in ga jikata Widad tana abin nan nata, na tsayuwa a kan allo igiyar ruwa tana tafe da ita. Tun daga ranar, in na tambayi Widad sai ta ce kai ne mai duba musu fokas, wato hasashen yanayin teku, ita da ƙawayenta Chloe da Zoe, kuma ka ce ba yanzu ba. Wata nawa ke nan? Kakanka da marigayi mijina 'ya'yan wa da ƙani ne, amma shi kakanka in ya ce gobe, goben ce.

Bizata ta kusa ƙarewa, jirgina tsakiyar Nuwamba. Kuma bari ka ji abin da ke gabana a Kano. Kafin in taho na ba matan Islamiyyarmu ta Mandawari labari cewa ina da jika mai tsayuwa a kan ruwa. Hajiya Tasallah ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. Na nuna mata bidiyo, ta ce yaran zamani har akuya suna sa ta ta yi huɗuba a waya. Ta ce a gaban kowa, «Hansatu, in kin dawo ki rantse kin gani da idonki, ni kuma in ba ki haƙuri a tsaye.»

Ka san ni. Ina zuba wa labari gishiri, wani lokaci har da yaji, kowa ya sani, shi ya sa ake cika ɗakina. Amma ban taɓa rantsuwa a kan abin da idona bai gani ba, Tasallah kuwa ta san haka, shi ya sa ta ɗana mini tarkon a nan.

Ko kunyar shiga da tsohuwa mai zane cikin Turawa kake yi? Faɗa mini in sani.

Uwargidanka da ka yasar,
Kaka Hansatu

Cheetham Hill, Manchester
Oktoba

Hajiya Kaka,

Wa alaikumus salam. Na sami takardarki, sai da mai flat ɗin ƙasa ya hauro mini da ita, don ni ban ma san ina da makullin akwatin wasiƙa ba. Allah ya ƙara sauƙin gwiwa. Ni lafiya lau, sai mura da supervisor, malamin da yake duba aikina.

Maganar kunya ta ɓata mini rai, gaskiya. Ni da na bi ki cikin kasuwar Bullring kina taya kifi da Hausa, ban gudu ba, sai a bakin teku ne zan ji kunyarki?

Bari in yi miki bayani. Wurin da su Widad suke hawa ba bakin yashi ba ne. Falalen dutse ne shimfiɗe a ƙarƙashin ruwa, can gaba da Whitby, shi ne yake tayar da igiyar ta miƙe ta naɗe. In ranar ta yi kyau babu kamarsa. In ba ta yi ba, dutsen nan yana jiran mutum. Sai abu uku sun yi shawara sun yarda da juna.

Na farko, sai an yi babban hadari can nesa, wajen Norway. Shi yake turo swell, wato igiyoyin da suka yi doguwar tafiya suka jeru, da tazara mai tsawo tsakanin kowace da 'yar'uwarta. In hadarin a kusa aka yi, sai su zo a hargitse suna hawa kan juna kamar mata a rabon kayan biki. Na biyu, iska. Dole ta taso daga tudu ta nufi teku, ta riƙe gaban igiyar ta gyara shi sumul. In daga teku ta taso, sai ta turo igiyar ta baya ta rushe ta. Na uku, cikar ruwa: in ya janye da yawa dutsen yana waje, in ya cika da yawa igiyar ba ta tashi.

Shi kuma forecast ɗin, wanda kike kira fokas, abin da ya wuce 'yan kwanaki kaɗan duk hasashe ne. Yakan nuna mini Asabar mai kyau da safe, kafin la'asar ya janye ta. Shi ya sa ba zan iya ba ki rana ba. Abin da zan iya shi ne in kira ki in ce gobe ki shirya. Takardar nan da kika ɓullo da ita, kafin ta iso hannuna forecast ya sake riga sau goma. Don Allah ki riƙa ɗaukar waya.

Sunan ƙauyen kuma ba zan rubuta ba. Al'adar masu surfing ce, wato masu hawan igiyar ruwa, ba a yaɗa sunan wuri irin wannan, kada a cika shi.

Maigidanki mai haƙuri,
Bara'u

Small Heath
Oktoba

Bara'u,

Salamu alaikum. Muna lafiya. Murarka kuwa ka dafa citta da kanumfari, ka daina yawo ba hula.

Na karanta wa'azinka. Aishatu ta karanta mini wuraren da ka cusa Turanci. Wato ni, Hansatu, da na aurar da 'ya'ya na ga jikoki, ni za a kira a ce gobe ki shirya? Buhun shinkafa ce ni da za a ɗauka a jefa a but ɗin mota? Inda na fito, in za a fita da babba sai a zo a gaishe shi, a sa rana, ya yi wanki, ya yi kitso in mace ce, ya sallami maƙwabta. Suna yana da rana. Biki yana da rana. GP ma da bai san darajar kowa ba sai da ya ba ni rana a 'yar takarda. Sai teku ne ya fi ƙarfin a sa masa rana?

Kuma wai abu uku sai sun yi shawara. Na zauna da dangin miji shekara da shekaru, na san irin wannan shawarar, ba ta ƙarewa sai wani ya buga ƙafa. To na buga, da mai lafiyar.

Wurin ma ba a faɗin sunansa. Gidan boka za ka kai ni? In na koma Tasallah ta ce a ina kika gani, in ce mata wani wuri? Ka ga ka ƙara mata abin dariya.

Tunda ka kasa, ni na sa: Asabar ta ƙarshen watan nan. Na riga na faɗa wa Widad ta baro ɗakinta na Perry Barr ta kwana a nan. Ta buɗe baki za ta ce fokas, na ce ta rufe. Na faɗa wa matan masallacinmu na nan, wata 'yar Sudan har ta ara mini bargo. Zan yi dambun nama da cincin.

Waya kuwa ba zan ɗauka ba. Jiya na ga sunanka yana ta haske, na kife ta. Mutumin da yake so ya janye magana shi yake son waya, don ba ta barin shaida. Ka amsa mini a rubuce.

Kaka Hansatu

Cheetham Hill
Oktoba

Kaka,

Salam. Mura ta tafi, na gode da citta.

Na ji. Asabar ɗin zan zo, tun da sassafe. Amma tunda shaida kike so, ga ta a rubuce: yadda na ga abin a yau, swell zai zo, sai dai iska daga teku za ta taso, da ƙarfi kuma. In haka ta tabbata, babu mai shiga ruwan nan, ko Widad ko wani. Za mu je ne ki ga teku, ba za ki ga abin da kike nema ba. Ki sa safa biyu.

Bara'u

Small Heath
Farkon Nuwamba

Bara'u,

Ina gaishe ka don gaisuwa wajibi ce. Gwiwa ta kumbura, kujerar motarka ce, GP ma ya yarda da ni ko da yake bai ji abin da na ce ba.

Na bari sai da zuciyata ta ɗan sauka kafin in rubuto, amma ba ta sauka ba, don haka ga ni.

Ka kwashe ni da leshina na fita kunya, ka yi ta tafiya da ni har na zaci Kano za ka mayar da ni ta ƙasa. Muka isa, na buɗe ƙofa, iska ta fizge mini mayafi, sai Zoe ce ta bi shi da gudu ta ciro shi daga jikin shinge. Ga teku kuwa kamar tukunyar da aka manta a kan wuta, fari fat, yana tafasa ta ko'ina. Wannan ne abin da kuke tashi da asuba dominsa? Dambun naman ma rabinsa tsuntsayen tekun nan marasa tarbiyya suka ci.

Kada ka ce ka rubuta mini. Na gani. Na ɗauka irin jan ajin nan ne na 'yan boko, da ba sa cewa to sai sun haɗa da amma.

Abin da ya fi ƙona mini rai ba iskar ba ce. Widad ta dubi fuskata, sai kawai ta zagaya bayan mota ta fara sa baƙar rigar robar nan ta shiga ruwa. Ta ce da Hausarta ta gwaranci, Kaka ta zo daga nisa, bari in gwada ɗaya. Kai kuma ka fizge allon ka cusa a mota ka kulle, kuka yi ta sa-in-sa da Turanci a gabana kamar ba na wurin. Ta yi kuka. A lokacin ne ruwa ya ja baya na hango falalen dutsen nan, baƙi, da kaifi-kaifi a gefensa.

Ba cewa na yi ka bar ta ta shiga ba. Da ka tambaye ni, da ni ma na hana, har da mari in ta kama. Amma jikata ce, ni ce babba a wurin, da bakina ya kamata a hana. Ka ƙwace mini ganin, ka kuma ƙwace mini hanin.

Matan masallaci sun zo jin labari, na ce musu tekun ba shi da lafiya. Na mayar wa 'yar Sudan bargonta.

Na yanke hukunci. Na hana a ƙara ambaton teku, ko fokas, ko sunanka a gidan nan har in tafi. Abdulhafiz ya ce to, ai shi dama bai taɓa son abin ba. Tasallah ta ci. Zan koma in zauna ta yi dariyarta ta gaji. Ka huta, kai da Norway.

Hansatu

Cheetham Hill
Talata

Kaka,

Salam, ina fata gwiwa ta sace. Na karɓi faɗan, na kuma yarda da rabinsa: da na juyo na tambaye ki. Ki yafe.

Na kira ba ki ɗauka ba. Na kira Anti Aishatu, ta ce an hana ta ambaton sunana, ita kuma ba za ta karya dokar surukarta saura kwana kaɗan a rabu lafiya ba. Kawu ya ce in cire shi a ciki. Widad ta ce ita ba za ta sake sa miki rai ba. Saura takarda, ga ta, na sa mata kan sarki na first class, wanda ya fi saurin isa.

Hadari ya tashi inda ake so. Iska za ta juyo daga tudu ranar Laraba da yamma, ta kwanta. Alhamis kafin azahar ruwa zai kai daidai. Ban ga irin wannan ba tun bara. Su Widad za su wuce gobe su kwana can. Ni zan iso ƙofarki bayan sallar asuba ranar Alhamis. Ba ni na sa ranar ba, ba ke kika sa ba. In kin ga dama ki fito, in ba ki ga dama ba in sha shayi in koma.

Bara'u

Small Heath
Asabar

Maigida,

Assalamu alaikum. Ina fata ka isa gida lafiya ka rama barcinka. Ni akwatuna sun cika, Aishatu tana zaune a kan ɗaya don ya rufu. Jibi jirgi.

Takardarka ta Talata ta iso jiya Juma'a, mun dawo da kwana ɗaya. Na zauna na karanta, wai in shirya Alhamis. Sannu da ƙoƙari. Ka nemi wanda ya sayar maka da kan sarkin nan ka ji ko ajin farko na wace makaranta yake nufi.

Yanzu ka tsaya in faɗa maka laifinka, don a mota barci ya ɗauke ni ban samu dama ba.

Wace mace ce take komawa gida daga Ingila da farar ƙafa? Daren Laraba na ƙunsa lalle, ƙafa biyu, na ɗaure da ledar kanti, na ɗora safar Abdulhafiz a kai. Ina zaune a kan darduma da safe ina jira ya ƙara kamawa, sai ga ka tsaye a falo da kofin shayi, kana cewa kai dai ka zo wucewa ne. Daga Manchester ake wucewa ta Small Heath da asuba? Na ce ba inda za ni. Ka ce to, ka ci gaba da kurɓar shayinka kana duban agogo. Wannan duban agogon ne ya tayar da ni, ba kai ba. Na ja hijabi a kan rigar barci, na zura ledojina cikin takalman aikin Abdulhafiz, na fito ina ƙwas-ƙwas kamar agwagwa. Babu leshi, babu dambu, babu sallamar kowa. Tabarauna kuwa yana kan taga inda na ajiye shi bayan na idar da karatu, kai da kake da ido huɗu ba ka ce Kaka ina naki ba.

Ba zan ɓoye ba, tekun ranar wani ne daban. Na ji iskar a ƙeyata, ba a fuska ba, na ce a raina yaron nan ashe ba duka ne ƙarya ba. Ruwan ya kwanta, sai can ka ga layi ya taso daga nesa, wani na bin sa a natse, kamar sahu. In ya iso kan dutsen sai ya miƙe ya naɗe, iska tana ɗebe masa farin gashi ta baya. Wannan ko ba tabarau na gan shi.

Amma mutanen fa? Ba wanda ya gaya mini can tsakiya suke zama. Ba wanda ya gaya mini dukansu baƙar roba suke sawa har kai, namiji da mace, Bature da Bahaushe. Ni dai baƙaƙen ɗigo na gani suna lilo kamar ƙudaje a kan fura. Ka miƙo mini madubin hangen nesanka, na ga sama, na ga wani kare, na ga kunnenka. Sai ɗigo ɗaya ya rabu da sauran, ya miƙe tsaye, ya gangaro ta gaban igiyar yana yanka ta, ya yi nisa bai faɗi ba. Kana ta dukan kafaɗata kana cewa ita ce, ita ce. 

To amma in rantse a kan me? A kan bakinka? Chloe ta nuna mini a wayarta, ta ja hoton ya girma, ga fuskar nan. Wannan ai bidiyo ne, mun koma inda muka fara. In Tasallah ta ce kin ga fuskarta, me zan ce? Idona ɗigo ya gani. Da ka bar ni na ɗauko tabarau, da ka sa mata doka ta ɗaura jan ƙyalle, da yanzu ina shirya yadda zan zauna a ba ni haƙuri a tsaye. Ka kai ni har bakin abin ka dawo da ni hannu rabbana. Lallen ma ya yi baƙi ƙirin don ya wuce lokacinsa, kamar na taka kwalta.

Don haka ba zan rantse ba. Zan shiga Islamiyya in ba da labarin yadda ya faru, da ledar da komai, Tasallah ta yi dariya har ɗankwalin ya faɗi ƙasa wannan karon. Kai ka jawo mini, kuma sai na faɗi sunanka da na kakanka.

Da yarinyar ta fito, ta taho da gudu da allonta a hammata, ta tuɓe hular robar, leɓenta ya yi shuɗi, haƙora suna kaɗawa. Ta riƙe hannuna da hannunta mai sanyin ƙanƙara ta ce, «Kaka, did you see me? Kin gan ni?»

Na ce mata na gani. Ita ba ta ce in rantse ba.

Ka zo filin jirgi, akwatunan sun fi ƙarfin Abdulhafiz. Wannan karon akwai rana, akwai lokaci, kuma ba ruwan Norway.

Uwargidanka,
Kaka Hansatu

Mai karatu, amsar kacici-kacicin: jikata Widad ce, tsaye a kan ruwa.